Zangarniya Biyu a Ƙasan Jakarki

Tasawa, cikin kaka.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Kanan-Bakashe lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da direba mai gaggawa, da bakin mutane, wanda ni da ke muka ɗanɗana a daminar nan har ya ishe mu. Allah Ya sa ki tarar da ɗaki marar yoyo, da maƙwabta masu mutunci, da ruwa kusa. In kina karanta wannan takarda, to kin kwashe kayanki har ƙasan jaka, kuma kin ga ƙunshin da ke cikin tsohon zanena. Ki ajiye shi a hankali, zan zo kansa.

Kin san ba zan iya zaunar da ke in faɗa miki waɗannan maganganu ido da ido ba. Ke ce ta fari, kuma sunan surukata aka sa miki, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ni da na tsufa gaban tabulo, allon aji, ina yi wa 'ya'yan mutane tsawa, ni da ba a taɓa rufe mini baki a taron iyayen yara ba, in na zo gabanki iyakar fasahata ita ce, "Ke, an share tsakar gidan nan?" Shi ya sa na ɗauki bik na rubuta miki.

Abu na farko da nake so ki sani: na samu barci. Tun ranar da Baffanki ya sa miki albarka a bakin gona nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa. Har yanzu ina cikin fushi, kada ki yi zaton na huce. Amma fushi ne na wadda aka sauke wa kaya, tana zaune a inuwa tana zagin nauyinsu.

Bari in jera miki abin yadda ni na gan shi, domin ke ta cikin hawaye kika gan shi. Kina sitaj, wato koyon aikin koyarwa, a kwalejin garin nan, darasi ya kawo ki kan yadda halittu suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. A littafin akwai wannan shashashan zane: biri a duƙe, wani na gabansa ya ɗan miƙe, har a kai ga mutum yana tafiya kamar zai je kasuwa. Wani ya ɗauki hoton da waya. Wani kuma, wanda Allah bai ba shi aikin yi ba, ya ɗora murya a kai: "Jama'a, ɗiyar gidan Alhaji Sani ta tsaya gaban yara ta ce kakanmu biri ne." Kafin ranar kasuwa ta zagayo, maganar ta kai har garin Urafane. Mai sayar mini da yakuwa ma sai da ta kalle ni da tausayi, ta ce, "Malama, sai haƙuri, boko ne."

Baffanki Alhaji Sani, wanda tun rasuwar ƙanensa mahaifinki yake tsaye a matsayin uba, ya ji a bakin shagonsa na hatsi, ya ce, "Ba ta tahiya. In aikin ke nan, ta zamna gida." Ke kuma kika ce ba za ki taka ƙofar tasha ba sai da yardarsa. Takardar tura ki aiki tana hannunki, buɗe lakwal, wato makaranta, yana matsowa, kuma mun sani in aka buɗe ba ki bayyana ba, wurin ya zama na wani. Karatun da kika yi duka yana rataye a bakin mutum ɗaya, shi kuma bakin ya rufe.

A cikin wannan tsakani na yi kurakurai. Ina so ki ɗauke su ki tafi da su, tunda na riga na sha wahalarsu, ba sai kin sake sha ba.

Na farko, na kwashi littattafai a kwando na nufi bakin shagonsa da la'asar, lokacin da na san 'yan fadarsa sun cika tabarma ana shan shayi. Ki duba fa: ni matar ƙanensa, wadda a al'ada ko idonsa ba na kallo. Ya ɗago ya ce, "Malama, lahiya? Ko an maido lakwal bakin shagona?"

Na ce, "Yaya, na zo in ji ko a cikinku akwai wanda ya karanta layi ɗaya na abin da kuke zagi."

Wani tsoho ya ce, "Mu dai mun ga hoto."

Na ce, "Hoton zaki ma yana jikin buhun shinkafa, ba ku ce shi ya noma ta ba."

Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye miki ba. Daɗin ne ya kwashe ni har na furta kalmar jahilci. Baffanki ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To madalla. Tunda mu jahilai ne, jahili ya hana." Na kwashe littattafaina na dawo, ban buɗe ko ɗaya ba.

Abin da na faɗa a kan hoton gaskiya ne, kuma har gobe ina kansa. Amma na je ne in ci nasara, ba in karɓo miki izni ba, kuma na samu abin da na je nema. Ki riƙe wannan: duk uban da zai zo miki a fusace a kan darasin nan, kada ki amsa masa a gaban jama'a. Ki ba shi kujera, ki ba shi ruwa, ki bar shi ya faɗi abin da aka ce masa kin faɗa. Mafi yawansu ba littafin suke tsoro ba, ba su ma gan shi ba. Tsoronsu kada a maido musu ɗa yana raina su, yana raina salla. Wannan tsoro ba wauta ba ne. Idan kika kunyata mutum a gaban abokansa, ko ya gane daga baya ba shi da ƙofar da zai bi ya dawo.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin shi cikin sanyin murya na yi shi. Kin san Mushe Illa, Mushe irin na faransanci, wato malam, wanda ya yi ritaya daga meri, ofishin magajin gari, mai tabarau da igiya a wuya, wanda ba ya iya cewa sannu sai ya haɗa da faransanci. Ya biyo ni gida wai sulhu. Ya ce, "Madame, calmez-vous. Ai wannan abu teyori ne kawai. Su kansu nasaran ba su tabbatar ba, hasashe ne. Ki aika wa Alhaji cewa yarinya tana karanta abin da ke cikin porogaram na karatu ne don aiki, ita ma ba ta ɗauke shi da gaske ba. C'est tout."

Ni da na san ba haka ba ne, na karɓa da hannu biyu. Na gaji, kuma ina ganin ranaku suna tafiya. Na aika da saƙon. Baffanki ya sauko, ya ce, "In haka ne, ta zo ta hwaɗa mini da bakinta, ta tahi." Na shigo gida ina murna, na tarar da ke kina tsinke zogale. Na ce an gama, ga abin da za ki faɗa. Ba ki ɗago ba. Kika ce, "Inna, kin koya mini in ban san abu ba in ce ban sani ba. Ba ki taɓa koya mini in na sani in ce ban sani ba."

Na ce, "To sai ki zauna ki ci gaskiyarki da miya." Na shige ɗaki na buga ƙofa. Kin ji ƙarar, ai. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda na zauna a bakin gado ina jin kunyar da ta fi ta ɗiyar fari.

Tunda za ki haɗu da irin su Mushe Illa a kowane gari, kuma sun fi masu zagi wuyar sha'ani domin suna zuwa da kamannin taimako, bari in ba ki misalin da nake ganin yaran ƙauye za su kama. Ina yarinya a Gidan Amumune, akuyarmu ta ɓata daga turke. Mata suka taru. Wata ta ce kura ce. Wata ta ce ɓarawo. Wata ta ce tun jiya ta ga akuyar tana kallon gabas, ba lafiya ba. Wannan shi ne hasashe: kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ba a biya, ba a tara. Mahaifina kuwa sai ya duƙa ya ɗauki guntun igiyar, ya ga yanka ne ba tauna ba. Ya ga sawun takalmi gefen sawun kofato, suna tafiya tare, ba alamar ja, ba jini. Sai ya ce, "Mutum ne, kuma wanda ta sani. In na yi daidai, za mu ga kashinta a hanyar kasuwa, ba hanyar daji ba. In mun gan shi a hanyar daji, to na yi kuskure." Aka bi hanyar kasuwa, aka gani.

Babu wanda ya ga lokacin da aka kwance akuyar. Amma wa zai ce maganar mahaifina da ta mai kallon gabas ɗaya ne? Tasa ta haɗa igiya da sawu da rashin jini wuri ɗaya, ta faɗi abin da za a gani tun ba a gani ba, kuma ta faɗi abin da zai ƙaryata ta. Abin da masana kimiyya suke nufi da teyori ke nan, sai dai nasu bin sawun ba na mutum ɗaya ba ne. Mutane ne masu yawa, a ƙasashe daban-daban, zuriya bayan zuriya, kowa yana neman inda na gabansa ya yi kuskure don ya yi suna. Sun bi ta ƙasusuwan da ke cikin duwatsu, irin waɗanda ake tonowa a hamadar arewacinmu. Sun bi ta kamannin gaɓoɓin dabbobi. Sun bi ta ƙwayoyin gado da ke cikin jini. Sawun duka ya nufi hanya ɗaya. Ana gyara bayanin a gefe-gefe har yau, kuma za a ci gaba, domin haka aikin yake. Amma gyara katangar rumbu ba ya nufin babu hatsi a ciki. Cewa ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke kawo kwalara, shi ma teyori ne a bakin masana, ban kuwa ga Mushe Illa yana shan ruwan tabki don ya nuna hasashe ne ba.

Saboda haka kada ki taɓa sayen zaman lafiya da "kawai". Duk ranar da kika ce wa yara abin da kike koya musu zance ne kawai, kin koya musu cewa malama tana faɗin abin da ba ta yarda da shi ba in an matsa mata. Wannan darasin ba za su manta da shi ba, ko sun manta da sauran.

Yanzu ranar gona. Kin fi ni sanin al'adar gidanku: kafin a ɗaure dami ko ɗaya, maigida yakan zaga gonar gado da ke bayan Urafane ya zaɓi zangarniyar iri da hannunsa, a ɗaure ta daban, a ɗora can saman rumbu, ko yunwa ta yi yunwa ba a taɓa ta, kuma ba a ba bare. Tun kina ƙarama ke kike riƙe masa kwando. Na ɗauka bana ba za ki je ba. Da na ga kin ɗaura zane kin ɗauki kwandon, sai na ce ni ma zan kai fura. Ƙarya nake, na je ne in tare faɗa, ko in tayar, ban ma tantance ba.

Kuna tafe yana zaɓa, ni ina baya da ƙwarya a kai. Bai yi miki magana ba sai da kwandon ya kusa rabi. Amma Baffanki ba ya iya shiga gonar nan bai yi fahariya ba. Ya ɗaga wata zangarniya ya ce, "Dubi nan. Maƙwabta ba su fara jin ƙamshin tumu ba mu mun girbe. Da muna yara geron gidan ga sai ya sha ruwa ya sha ruwa kahin ya nuna. Iya ce, mai sunanki, ta riƙa tsintar waɗanda sunka riga nuna, shekara da shekaru, har ya koma haka." Sai ya tuna yana fushi, ya ƙara da cewa, "Ko shi ma biri ne kakansa?"

Na buɗe baki. Kika waiwayo kika yi mini wani kallo, na rufe. A rubuta wannan a tarihi.

Can ya tsaya gaban wata shibra, ciyawar nan mai kama da gero, da ta tsere wa noma, ta yi tsawo a tsakiyar gero, siririyar zangarniyarta ta riga ta fara zubar da ƙwaya ƙasa. Ya yi tsaki ya ce, "Wagga tsiya. Kowace shekara muna tumɓuke ta, kowace shekara tana ƙara wayo. Tana ƙarama ba ka raba ta da gero sai ta girma ta ci maka taki."

Na gyaɗa kai, domin abin da ni ma zan faɗa ke nan. Sai kika ce, "Baffa, ciyawa tana da wayo?"

Ya ce, "To mi ne ne in ba wayo ba?"

Kika ce, "Lokacin noma, wacce kuke cirewa?"

"Wadda munka gane."

"Wacce take saura ta zuba iri?"

Ya kalli shibrar, ya kalli ƙwayoyin da ke ƙasa. Ya ce a hankali, "Wadda ba mu gane ba."

Kika ce, "To Iya ta zaɓi gero da niyya. Ku kuma kuna zaɓar wa shibra iri ba da niyya ba. Ba wadda ta sauya kanta. Waɗanda suka fi kama da gero su ne suka tsira suka haihu, 'ya'yansu suka ɗauko kama. In babu hannun mutum ma, fari yana yin wannan zaɓen, ƙwari suna yi, cuta tana yi. Wannan shi ne gindin darasin, Baffa."

Ga kuskurena na uku, kuma a wurin na gano shi, da ƙwarya a kaina. Shekaru ina ce wa yaran lakwal sauro ya saba da magani, ƙwarin wake sun saba da hoda, kamar ƙwaro yana zama ya yi shawara ya ƙarfafa jikinsa. Na karanta littattafai, na yi gardama da maza a kan abin nan, ashe ni ma rabinsa na riƙe. Ba sabo ba ne. Masu rauni ne suke mutuwa, masu jurewa su cika wurin da 'ya'yansu. Ki bincika kanki kafin kowane darasi, musamman a inda kike ganin kin fi kowa sani. Kuma in yaro ya ce "ta yi wayo", kada ki yi masa dariya. Ya ga abin da idonsa, bayanin ne ya rage, kuma shi ne aikinki.

Baffanki ba yaro ba ne, bai bari an tsaya a nan ba. Ya zauna a kan kunyar gona, ya cire hula ya share gumi, ya ce, "Na ji na gero. To birin hwa? Malama ta aiko mini cewa ke ma ba ki ɗauke shi da gaske ba. Ki hwaɗa mini, ki tahi."

Kalma ɗaya ta rage tsakaninki da aikinki, kuma ni na shimfiɗa miki ita. Kika durƙusa kika ce, "Baffa, ba zan faɗi haka ba, don ba haka ba ne. Littafin bai ce biri ya haifi mutum ba, zanen nan ɓata bayani yake. Abin da ya ce shi ne ta wajen jiki akwai dangantaka mai nisa ƙwarai, kamar yadda gero da shibra suke dangi ba tare da wannan shibrar ta haifi wannan geron ba. Hujjojinsu masu ƙarfi ne, na karanta su, kuma zan koya wa yara yadda suke. Littafin bai yi maganar rai ba, bai yi maganar Wanda Ya yi halitta ba, ba shi da ma'aunin da zai auna wannan. Ni kuma ina salla kamar yadda ka koya mini."

Ya ce, "Ban yarda da wannan dangantaka ba."

Kika ce, "Ban ce ka yarda ba, Baffa. Na ce kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba, kuma kada in janye abin da na faɗa."

Na ce a raina shi ke nan, an rasa. Har na fara shirya abin da zan gaya wa Mushe Illa da tabaraunsa. Baffanki ya daɗe yana murza ƙwayar shibra a tafin hannu. Sai ya kalle ni, ni fa, ya ce, "Malama, ke kin zage ni, kin dawo kin lallashe ni da abin da ba shi ne ba. Ita ko ba ta yi ko ɗaya ba." Ya juya gare ki ya ce, "Uwata, da kin hwaɗi abin da nike so in ji, da na bar ki kin tahi, amma da ban ƙara yarda da maganarki ba. Wadda ta ƙi yi mini ƙarya alhali aikinta yana hannuna, ba ta yi ma ɗiyan mutane. Tashi."

Ya sa hannu a kwandon iri, wanda ba a ba bare, ya zaro zangarniya mafi cika. Ya karya ta shibrar nan ya haɗa. Ya ce, "Ki nuna musu wannan kahin ki nuna musu hoton banza. In uban wani ya zo da hwaɗa, ki ce ya zo Tasawa ya same ni, ni ma ban yarda ba, sai mu yi rashin yardar tare. Allah Shi yi miki albarka." Sannan ya ce a ba shi furar, wai ta yi ɗumi tun ɗazu a kan mai ita.

Zangarniyoyin nan biyu su ne a cikin zanen. Na barbaɗa musu toka saboda ƙwari. Ta shibrar na ƙulle ta a leda daban, domin zubewa take, halinta ke nan. Ki rataye su inda ɓera ba ya kai.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi nauyi, don haka zan faɗe shi a gajarce. Wata rana yaro mai hankali zai ɗaga hannu ya tambaye ki yadda wannan yake zama da abin da ya karanta a allo game da Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Kada ki tsawata masa, kada ki ce ba a tambaya. Kada kuma ki ɗinka masa amsa ta ƙarya don ku rabu lafiya. Ni na karanta abin da malamai daban-daban suka faɗa, wasu sun ga hanyar haɗawa, wasu ba su gani ba, kuma ni kaina ban ƙulle maganar ba. Ina ɗauke da ita, ina salla da ita, ba ta hana ni ko ɗaya ba. Ki gaya masa abin da sawu ya nuna, ki gaya masa inda ma'aunin kimiyya ya tsaya, ki bar shi ya girma da tambayarsa. Ba ke ce limamin garin ba, kuma limamin garin ba shi ne malamin kimiyya ba. Ki gaishe shi da girmamawa ranar da kika isa, tun kafin wani ya kai masa labarinki a waya.

Sauran kuwa kin san su. Ki tafasa ruwa. Ki kwana cikin gidan sauro ko da zafi. Kada ki hau kabu-kabun yaron da yake tuƙi yana danna waya. Kin gaji kaifin bakina, na ji shi a gona ko da kin lulluɓe shi da ladabi. Ki ci gaba da lulluɓewa, ya fi yanka a haka. Mai muryar nan da aka ɗora a kan hoton kuwa har yanzu ban gano ko wane ne ba. Ina nan ina sauraron muryoyin mutane a kasuwa. Kada ki ce in bari, kowa da abin da yake ɗebe masa kewa.

Jiya na bi ta bakin shagon Baffanki, na gaishe shi daga nesa kamar yadda ya kamata tun farko. Na ji yana gaya wa 'yan fadarsa cewa su ne suke zaɓar wa shibra iri da hannunsu, yana faɗa kamar shi ya gano. Mushe Illa ya ce, "Alhaji, ai wannan teyori ne." Ya ce, "Teyorin gidanku. Zo gona in nuna maka." Na ja mayafi na rufe baki na wuce.

Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kai. Ya ba ki yara masu tambaya, Ya ba ki haƙurin amsa musu. Ya kare ki daga zazzaɓi, da kaɗaici, da yabon da ke sa mutum ya daina bincike. Ya jiƙan mahaifinki, da mai sunanki wadda geronta yake hannunki yanzu. Ya maido mana ke lafiya a hutu.

In kin dawo, kada ki yi mini maganar takardar nan. Zan tambaye ki ko an share tsakar gida, ke kuma ki gane.

Wassalam.

Innarki.